Yadda ake maimaita gwajin Eddington: auna lanƙwashewar hasken taurari a lokacin husufin rana

A ranar 29 ga Mayu, 1919, Arthur Stanley Eddington yana tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, yana jiran wata ya rufe rana. Ruwan sama ya yi ta zuba tun da safe. Da husufin ya cika ya ɗauki hotuna 16 ta cikin gajimare, biyu kacal suka fito da taurarin da za a iya aunawa, biyar a kowanne. Da waɗannan, da kuma hotunan abokan aikinsa da ke Sobral a ƙasar Burazil, aka sanar a Landan ranar 6 ga Nuwamba cewa rana tana lanƙwasa hasken da ya gifta kusa da ita gwargwadon yadda Albert Einstein ya lissafa a 1915.

Yau mai ƙaramin madubin hangen nesa da kyamarar taurari zai iya yin wannan awo, har ya fi na 1919 daidai. Sai dai a sani tun farko: kama taurarin a hoto ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyar tana wajen sanin ma'aunin hoton, wato faɗin sama nawa kowane fiksel, ƙaramin ɗigon hoto, ya ɗauka a daidai mintunan husufin. Duk shirin da ke ƙasa domin wannan lamba guda ake yin sa.

Abin da ake aunawa

Ana raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida shi ne sakan kusurwa. Hasken tauraron da ya shafi gefen rana yana lanƙwashewa da sakan kusurwa 1.75, sai a ga tauraron ya matsa waje, nesa da tsakiyar rana. Girman wannan matsi kamar ƙwayar gyaɗa ce da aka hango daga nisan kilomita ɗaya da 'yan kai. Lissafin tsohon tsarin Newton yana ba da rabin haka, 0.87, kuma tsakanin waɗannan lambobi biyu gardamar 1919 ta tsaya.

Mai son ganin asalin lambar ya ninka G, lambar ƙarfin jan nauyi, da nauyin rana, ya ninka amsar da huɗu, ya raba da rabin faɗin rana da aka ninka da saurin haske aka kuma sake ninkawa da saurin haske. G shi ne 6.674 × 10⁻¹¹, nauyin rana kilogiram 1.989 × 10³⁰, rabin faɗinta mita 6.96 × 10⁸, saurin haske mita 2.998 × 10⁸ a daƙiƙa. Amsar 8.49 × 10⁻⁶ ce, in an ninka ta da 206,265 sai ta koma sakan kusurwa 1.75.

Ba wanda ke ganin tauraro a gefen rana sosai, rawanin hasken da ke kewaye da ita lokacin husufi ya fi ƙarfinsa. Taurarin da ake samu suna can nesa, kuma matsin yana raguwa daidai da nisa. Mu kira rabin faɗin rana taki ɗaya, kusan sakan kusurwa 960 ke nan. Tauraron da ke taki biyu daga tsakiyar rana yana matsawa da 0.87, na taki uku da 0.58, na taki biyar da 0.35. Da waɗannan ƙananan lambobi za ka yi aiki, ba da 1.75 ba.

Mutumin da abin da ya faru da hotunansa

An haifi Eddington a Kendal da ke arewacin Ingila ranar 28 ga Disamba, 1882, a gidan mabiya ɗariƙar Kweka, masu ƙin ɗaukar makami. Ya yi karatu a Manchesta da Kambirij, ya yi aiki a cibiyar duban taurari ta Greenwich daga 1906, ya zama farfesa a Kambirij a 1913, shekara guda bayan haka aka ba shi shugabancin cibiyar duban taurari ta jami'ar. Ana tsakiyar yaƙin duniya na farko takardun Einstein suka iso hannunsa ta wajen Willem de Sitter na ƙasar Holan, a lokacin da yawancin masanan Birtaniya ba su son jin sunan Jamus. Ya ƙi shiga soja saboda aƙidarsa. Frank Dyson, babban masanin taurari na masarautar, shi ya tsaya masa aka ɗage masa aikin soja, kuma Dyson ne ya lura cewa husufin 1919 zai sami rana a gaban tarin taurarin Hyades masu haske, maƙwabtan Kaza da 'Ya'yanta. Irin wannan sa'a ba ta cika zuwa ba.

Ayari biyu aka tura. Eddington da Edwin Cottingham, mai gyaran agogo, suka nufi Principe. Andrew Crommelin da Charles Davidson suka nufi Sobral da madubai biyu. Babban madubin Sobral, wanda aka fi sa wa rai, shi ya ba da kunya: an saita shi da dare, da rana ta yi zafi sai saitin ya kauce, taurari suka fito a dushe, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa ma'aunin hoton bai canza ba. Ya ba da 0.93 aka ajiye shi gefe. Ƙaramin madubi mai faɗin inci huɗu, wanda aka tafi da shi don ko-ta-kwana, shi ya ba da 1.98 da kuskuren 0.12. Na Principe ya ba da 1.61 da kuskuren 0.30. An daɗe ana zargin Eddington da zubar da sakamakon da bai yi masa daɗi ba, amma a Greenwich aka yanke shawarar, ƙarƙashin Dyson, kuma da aka sake auna hotunan babban madubin da na'urar zamani a 1979 sai suka ba da 1.55. Dalilin ajiye su mai ƙarfi ne, kuma shi ne darasin farko ga duk mai son maimaita gwajin.

Masu ilimin taurari ba don husufin kawai suke tuna shi ba. A 1920 ya ce ƙarfin rana daga haɗewar haidurojin zuwa hiliyom yake fitowa, shekaru kafin a gano yadda hakan ke faruwa. A 1924 ya nuna dangantakar nauyin tauraro da haskensa, kuma iyakar hasken da tauraro zai iya fitarwa kafin hasken ya tarwatsa fatarsa har yau sunansa take amsawa. Ya kuma yi babban kuskure a 1935, da ya yi watsi a bainar jama'a da lissafin matashi Subrahmanyan Chandrasekhar kan iyakar nauyin mataccen tauraro. Chandrasekhar ne da gaskiya. Eddington ya rasu a Kambirij ranar 22 ga Nuwamba, 1944.

Kayan aiki

Madubi mai ruwan tabarau a gaba ya fi mai madubin fuska a ƙasa dacewa da wannan aiki, domin ba shi da sassan da ke motsi a ciki, kuma zafi bai cika gurɓata shi da sauri ba. A nemi mai faɗin baki milimita 80 zuwa 110, tsawon fokas 450 zuwa 600, wanda ke shimfiɗa hoto daidai har kusurwoyi. Donald Bruns, wanda ya maimaita gwajin shi kaɗai a jihar Wyoming ta Amurka ranar 21 ga Agusta, 2017, da madubin kamfanin Tele Vue mai baki milimita 101 da tsawon fokas 540 ya yi aiki. Ya sami 1.752 da kuskuren kashi 3 cikin ɗari, cikin duhun da bai kai minti biyu da rabi ba. Ayarin jami'ar Texas da ya je Chinguetti a Muritaniya a 1973 da tarin kaya bai kai rabin wannan daidaito ba.

Kyamara ta zama ta baƙi da fari mai sanyaya kanta. Kyamara mai launi tana da ƙananan matatai ja da kore da shuɗi a kan fiksel, su kuwa suna jan tsakiyar tauraro gefe gwargwadon launinsa. Ana samun ma'aunin hoto na farko ta ninka faɗin fiksel a maikuromita da 206.265, a raba da tsawon fokas a milimita. Fiksel 3.76 a kan fokas 540 yana ba da sakan kusurwa 1.44. Idan sensar kyamarar, wato farantin da ke kama hasken, ta kai milimita 36 da 24, hoton zai ɗauki digiri 3.8 a tsawo da 2.5 a faɗi, wato kusan taki biyar daga tsakiyar rana ta gajeren gefe. Ya isa.

A sa jar matata a gaban sensa. Sararin sama lokacin husufi shuɗi-shuɗi ne, jar matata tana rage shi, tana kuma rage bambancin yadda iska ke karkatar da hasken jan tauraro da na shuɗi. Sai mariƙi mai inji da ke bin juyawar sama, wanda kwamfuta za ta iya tura shi daga wuri zuwa wuri cikin daƙiƙa kaɗan. Na'urar GPS don lokaci da matsayi. Ma'aunin zafi da na nauyin iska. Da batir mai ɗaukar komai na awa shida, ba tare da dogaro da wutar gari ba.

Matatar rana ta gaban madubi dole ce. Kafin cikar husufi da bayansa, madubin da ba a rufe bakinsa ba yana ƙona sensa cikin ɗan lokaci, ido kuwa ya makance ba magani. Masu kallo da ido su sa tabarau mai lambar ISO 12312-2. Baƙin gilashin kwalliya da fim ɗin hoton asibiti da gilashin da aka turara da hayaƙi duk ba su kare ido.

Watanni kafin ranar

Sai da aka ɗaukar wa Eddington hoton taurarin Hyades da dare a Oxford watanni kafin tafiya, domin ya sami abin kwatantawa, 'yan ayarin Sobral kuma suka zauna har watan Yuli suna jiran taurarin su fito da asuba. Wannan wahala ta ƙare. Kundin tauraron ɗan'adam na Gaia ya ba da matsayin taurari sama da biliyan ɗaya da daidaiton da ya wuce bukatarka nesa ba kusa ba. Ka buɗe manhajar taswirar sama ta Stellarium, ka sa wuri da lokacin husufin, ka ga taurarin da za su kewaye rana, sannan ka ciro su daga kundin Gaia har zuwa daraja ta 10 a ma'aunin hasken taurari, inda babbar lamba ke nufin dusasshen tauraro. Ka cire tagwayen taurari tun yanzu, domin madubinka zai haɗe su ɗigo ɗaya mai karkatacciyar tsakiya.

Sannan ka zaɓi filaye biyu na gwaji, ɗaya a dama da rana ɗaya a hagu, kowanne digiri shida zuwa takwas daga gare ta, masu yawan taurari, kuma tsayinsu daga ƙasa ya yi daidai da na rana. A can lanƙwashewar ba ta kai sakan kusurwa 0.1 ba, kuma kusan ɗaya take a duk faɗin hoton, don haka filayen suna ba da ma'aunin hoto tsantsa. Za a ɗauke su cikin duhun husufin, ɗaya kafin hoton rana ɗaya bayansa.

Ga dalilin wannan ɗawainiya. Tauraron da ke taki uku yana nisan sakan kusurwa 2,880 daga tsakiya. Idan ma'auninka ya kauce da kashi ɗaya cikin dubu goma, tauraron zai matsa da 0.29, rabin abin da kake nema. Bututun alminiyom yana miƙewa ko ya tsuke da kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri na zafi, iska kuwa tana sanyi da digiri da dama yayin da wata ke rufe rana. Saukar digiri biyar kaɗai ta isa ta kawo matsin da ya kai sulusin sakan kusurwa, ban da canjin da gilashin kansa ke yi. Don kuskure ya tsaya kusa da kashi 3 cikin ɗari, sai an san ma'aunin zuwa kimanin kashi shida cikin miliyan. Hoton daren jiya ba zai ba da wannan ba. Wasu na cewa a bar lissafi ya fitar da ma'auni da lanƙwasa tare daga hoton rana kaɗai, tunda kuskuren ma'auni yana ƙaruwa da nisa, lanƙwasa kuwa tana raguwa. Ana iya yi, amma in taurarin kaɗan ne kuma nisansu daga rana kusan ɗaya, lissafin ba ya iya raba su, kuskuren ya ninka.

Abu na gaba shi ne murɗewar gilashi. Kowane ruwan tabarau yana ɗan tura taurarin gefe ciki ko waje fiye da na tsakiya, sensa kuma ba ta taɓa zama a miƙe ɗari bisa ɗari. Ka ɗauki ɗaruruwan hotuna da dare a wuri mai cunkoson taurari, ka kwatanta da Gaia, ka fitar da taswirar murɗewar. Daga ranar kada ka kwance kyamara daga madubi, kada ka juya ta. In tafiya ta tilasta kwancewa, sai a sake wannan awo a wurin husufin cikin darare biyu ko uku kafin ranar.

Tsawon buɗe kyamara a kan cikakken wata ake gwada shi, domin girmansa a sama daidai da na rana ne, jimlar haskensa kuma ba ta yi nisa da ta rawanin rana ba. Ka gwada daga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, ka ga inda taurari masu daraja 8 da 9 suke fitowa ba tare da bayan hoton ya cika ya tumbatsa ba. Ka tanadi tsayi biyu, gajere don taurarin kusa da rana, dogo don na nesa.

Ranar husufi

A daidaita mariƙi da sandar juyawar duniya tun daren jiya, a bar shi a kafe. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa cikin ƙura, don haka da manhajar da ke karanta hoton taurari ake yin saitin. Da gari ya waye a lulluɓe madubin da farin mayafi mai mayar da zafi, a kafa masa inuwa. Zafin rana ne ya kashe babban madubin Sobral. A kunna sanyin kyamara awa guda kafin lokaci, a kan matakin da za ta iya riƙewa cikin zafin wurin. Sensar da sanyinta ke hawa da sauka tana canza girma.

Saitin fokas na ƙarshe a yi shi minti goma kafin cikar husufi, ta cikin matatar rana, a kan ɗigon baƙi na fuskar rana ko kaifin gefen wata. A ɗaure shi. Daga nan hannu ba ya komawa wurin, ko da an ga hoton ya ɗan dushe. Tauraro mai ɗan dushewa ana iya auna tsakiyarsa, amma fokas da aka taɓa tsakanin filin gwaji da filin rana ya raba su har abada.

Komai kwamfuta za ta yi da rubutaccen umarni da aka gwada sau da yawa da agogo. Abin da ya rage wa mutum abu biyu ne, cire matata da mayar da ita. Ga yadda za a iya raba duhun daƙiƙa 240: goma na farko a cire matata a bar madubi ya daina rawa, 45 a filin dama, goma a koma kan rana, 100 a kan rana, ana musanya dogo da gajeren buɗi, goma a tafi filin hagu, 45 a can, ragowar 20 a mayar da matata tun kafin gefen rana ya leƙo. A rubuta zafi da nauyin iska kafin duhu, da tsakiyarsa, da bayansa.

Lissafi

Da farko a gyara hotunan da hoton duhu, wanda aka ɗauka da baki a rufe, da na shimfiɗar haske, wanda aka ɗauka a kan haske mai bai ɗaya, kamar yadda ake yi wa kowane hoton taurari. Sannan a kula da rawanin rana: ya fi haske ta ɓangaren da ke fuskantar rana, don haka yana jan tsakiyar kowane tauraro ciki, ya rage lanƙwasar da za ka samu. A cire wannan gangaren haske a kewayen kowane tauraro kafin a auna tsakiyarsa. Tauraron da haskensa ya cika fiksel a jefar da shi.

Kada a tara hotunan wuri guda kafin awo. A auna kowane tauraro a kowane hoto, sannan a ɗauki matsakaici. Rawar iska tana iya kautar da tauraro da rabin sakan kusurwa a hoto ɗaya. Hotuna 50 suna sauko da wannan zuwa 0.07, kimanin kashi 12 cikin ɗari na matsin tauraron taki uku, taurari 20 kuma su sauko da shi kusa da kashi 3.

Matsayin da ke kundin Gaia na shekarar 2016 ne, sai an matsar da kowane tauraro zuwa ranar husufin gwargwadon tafiyarsa. Sai gyaran gudun duniya a kewayen rana, wanda ke kai sakan kusurwa 20.5, da gyaran karkatarwar iska. Na biyun ya fi haɗari. A tsayin digiri 45 iska tana ɗaga tauraro da kusan sakan kusurwa 58, kuma bambancin tsakanin saman hoto da ƙasansa yana kai biyar, ninki da yawa na abin da ake nema. Shi ya sa husufin da ya sami rana a tsakiyar sama ya fi na yamma daraja. Manhajojin Astropy da NOVAS suna yin waɗannan gyare-gyare, amma akwai tarko: idan aka nemi matsayin da ido zai gani, suna saka lanƙwasar rana a ciki da kansu. Wanda bai kashe wannan ba a filin rana zai cire abin da ya je nema, ya sami sifili. A filayen gwaji kuwa a bar ta a kunne.

Daga filin dama da na hagu a fitar da ma'auni, a ɗauki matsakaicinsu. Idan biyun sun bambanta da fiye da kashi 20 ko 30 cikin miliyan, madubin yana canzawa da sauri, sai a ƙiyasta ma'aunin kowane hoton rana bisa lokacinsa. A filin rana a bar lissafi ya nemo abu huɗu kawai: gocewa dama ko hagu, gocewa sama ko ƙasa, juyawa, da lambar lanƙwasa. A zana matsin kowane tauraro a kan nisansa. In ɗigogin suna hawa yayin da nisa ke ƙaruwa, ma'auni ne ya kauce. In na sama da ƙasan rana sun saɓa da na dama da hagu, gyaran iska ne. Ƙa'idar jefar da tauraro kuwa a rubuta ta tun kafin a ga amsa, kada a yi ta tsince har lamba ta zo 1.75.

Inda za a je

Husufin 2 ga Agusta, 2027 shi ne mafi kyau a wannan zamani. Zai bi ta kudancin Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya har da Jidda da Makka, Yaman da Somaliya. Kusa da Luxor duhun zai kai minti 6 da daƙiƙa 23, rana tana kusan tsakar ka, a ƙasar da gajimare ke wuya a watan Agusta. Abokin gaba a can zafi ne, wanda ke wuce digiri 40.

Waɗanda suka ga duhun 29 ga Maris, 2006 a Gusau da Katsina za su sake samun irinsa a Najeriya ranar 20 ga Maris, 2034. Inuwar za ta shigo ta Legas, ta yi arewa maso gabas zuwa Kamaru, Chadi, Sudan da Masar, mafi tsawonsa minti 4 da daƙiƙa 9 a cikin Chadi. Matsaloli biyu ke tattare da shi. A gaɓar teku gajimare da laima sun fi yawa, rana kuma ba ta gama ɗagawa ba. Can ciki sama ta fi buɗewa amma ƙurar ƙarshen rani tana watsa hasken rawanin ta binne ƙananan taurari. Sannan a ranar 20 ga Maris rana tana wani yanki na sama mai ƙarancin taurari, nesa da farin hanyar taurarin da ke ratsa sama. Mai shirin wannan husufi ya nemi sensa mafi faɗi da zai iya samu, ya ƙirga taurarin da ke tsakanin taki biyu da biyar a kundin Gaia kafin ya sayi madubi, ya kuma ba filin rana kaso mafi tsoka na daƙiƙun duhun.